Kira Ga Masu Gyaran Kwamfuta A Karkara

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin jan hankalin masu gyara a karkarar Jigawa, waɗanda ke sake ɗora Windows 7 a tsofaffin laftof, su miƙa wa masu su ba tare da direbobi ba, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta kamar allo su yi aiki daidai. Sai rubutu ya kumbura, hotuna su baje, maɓallin rage haske ya ƙi aiki, domin babu direban allo na asali. Kamata ya yi a sauko da direbobin daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, a adana a filashi kafin a goge komai, tunda direban intanet ma yakan ɓace. A kuma sanar da mai ita cewa Microsoft ta daina sabunta Windows 7 tun Janairun 2020.

Wani malamin makaranta, Ringim.