Wa Zai Riƙe Linux Idan Masu Riƙonta Suka Gaji?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya kuma bar rubutunta a buɗe domin kowa ya duba ya gyara. A kanta aka gina Android da ke cikin wayoyin mafi yawanmu, kuma tun daga 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Saboda haka mutane da dama suna ganin babu abin da zai girgiza ta.

Abin da ya faru a watan Maris na 2024 ne ya sa nake shakkar hakan. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna XZ Utils, mai matse fayil don ya rage girma, wadda kusan kowane nau'in Linux ke ɗauke da ita. Shekaru da yawa mutum guda ne, Lasse Collin, yake kula da ita a lokacin hutunsa, ba tare da albashi ba. Da gajiya ta cim masa, sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya shigo da sunan taimako, ya shafe kusan shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a zahiri, har aka amince masa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin jama'a. Wani injiniya, Andres Freund, shi ne ya bankaɗo lamarin, don kawai ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa!

Masu kare tsarin za su ce buɗe rubutun ne ya sa aka kama ɓarnar kafin ta yaɗu, kuma gaskiyarsu ce. Sai dai hankalina bai kwanta da ganin kamfanoni masu cin ribar biliyoyin daloli sun jingina da aikin sa-kai na mutum ɗaya ba, alhali irin wannan sakaci ya riga ya bayyana a 2014 a manhajar OpenSSL, wadda ke tsare sirrin bayanan da ake aikawa ta intanet.

Jamus ta kafa asusu a 2022 domin biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji. Ina fatan jaridarku za ta tambayi bankunanmu da kamfanonin sadarwa, waɗanda su ma suke mora, nawa suka taɓa bayarwa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya