Mandela Bai Sayar da Baƙar Fata Ba a Teburin Sulhu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku mai farin jini domin in tanka wata magana da nake yawan ji a bakin matasanmu, wai Nelson Mandela ya sayar da baƙar fatar Afirka ta Kudu da ya yarda ya zauna da Turawan da suka ɗaure shi shekara 27. Ni da na ji labarin sakinsa a rediyo ranar 11 ga Fabrairun 1990, ina ganin wannan hukunci bai yi wa tarihi adalci ba.

Ba da yaƙi aka ci gwamnatin wariyar launin fata ba. Lokacin da shugaban ƙasar na wancan lokaci, F.W. de Klerk, ya ɗage haramcin da aka sa wa ANC, jam'iyyar su Mandela, ranar 2 ga Fabrairun 1990, soja da 'yan sanda da baitulmali duk suna hannun Turawa tsiraru. Takunkumi da yajin aiki da boren unguwanni irin su Soweto sun galabaitar da su, amma ba su kai su ƙasa ba, kuma wanda bai kayar da abokin kokawarsa ba, ba shi da bakin gindaya masa sharuɗɗa yadda ya ga dama.

Tattaunawar ma ba cikin ruwan sanyi aka yi ta ba. Taron sulhu na CODESA tsakanin gwamnati da jam'iyyu da aka buɗe a Disambar 1991 ya cije, sannan aka kashe mutum 45 a Boipatong, wata unguwar baƙar fata, a Yunin 1992, ANC ta janye, aka bar Cyril Ramaphosa na ANC da Roelf Meyer na ɓangaren gwamnati suna ta kai da komowa har aka koma kan teburi. Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 10 ga Afrilun 1993, da wani Bature ya harbe Chris Hani a ƙofar gidansa. Hani kuwa jagora ne da matasa suke ƙauna ƙwarai, saura ƙiris ƙasar ta kama da wuta. Wata Baturiya maƙwabciyarsa ce ta haddace lambar motar maharin ta sanar da 'yan sanda. Mandela, wanda ba shi da kowace kujerar gwamnati a lokacin, ya fito a talabijin ya shaida wa jama'a cewa Bature ne ya yi kisan, amma Baturiya ce ta yi kasada da ranta aka kama shi. Bayan makonni kaɗan aka tsayar da ranar zaɓe.

Gaskiya ne ANC ta yi sassauci mai ɗaci. Joe Slovo, wani jigo a ɓangaren ANC, shi ne ya kawo shawarar a yi gwamnatin haɗin gwiwa ta shekara biyar, a kuma bar tsofaffin ma'aikata a kan ayyukansu. Daga baya hukumar gaskiya da sulhu da babban limamin coci Desmond Tutu ya jagoranta ta yi afuwa ga wasu da suka fito suka faɗi ta'asar da suka tafka, abin da har yau yake ci wa iyalan mamata tuwo a ƙwarya. Amma abin da aka karɓo ba ƙarami ba ne: ƙuri'ar mai shara ta zama daidai da ta mai gidan da take sharewa. Ranar 27 ga Afrilun 1994 tsofaffi masu dogara sanda suka yini a layi domin jefa ƙuri'ar farko a rayuwarsu, ANC ta samu kusan kashi 63 cikin ɗari.

Inda nake tare da matasan shi ne batun gonaki. Dokar 1913 ta killace baƙar fata a kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu, gwamnatin 1994 kuma ta yi alkawarin mayar da kashi 30 na filayen noma cikin shekara biyar, ba ta ko kusa cikawa ba. Sai dai tsarin mulkin 1996 ya ba gwamnati ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, saboda haka ni a wurina laifin yana wuyan waɗanda suka riƙe mulki shekara talatin, suka bar cin hanci ya lalata hukumomi. Masu zaɓe ma su suka tuhuma a 2024, da suka rage wa ANC ƙuri'a zuwa kashi 40, har ta rasa rinjaye a majalisa karo na farko.

Na gode.

Naka mai karatu,
Daga Zariya