Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Ƙaramar Tashar Malam Madori

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa hotunan da ka turo ta wayar ƙanwarka sun iso, kuma na zauna na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ga teburin da ka kafa a ɗakin ƙasa da layin dogon da ka shimfiɗa a kansa, na kuma karanta bayaninka cewa tun ranar da ka kai yara Miniatur Wunderland, gidan kallon ƙananan jiragen ƙasa da aka buɗe a birninku na Hambug a shekarar 2001, ka ƙudurta gina tashar Malam Madori kamar yadda take a zamanin kakanka. Wannan niyya ta faranta mini rai ƙwarai. Da yake na shekara talatin ina koya wa ɗalibai zanen gini da haɗa ƙananan gidaje da kwali, kuma a gindin wannan tasha na yi ƙuruciya, ina ganin haƙƙi ne a kaina in faɗa maka abin da na gani a hotunan tun gam bai bushe ba.

Gidajen da ka jera a bayan tashar na Jamus ne, masu jan rufi mai tsini, irin waɗanda ake sayarwa a kwali, kuma ko ka shafe su da fenti ruwan ƙasa ba za su zama namu ba. Ka ɗauke su duka, ka fara da tambayar abin da ya kawo mutane wurin. Layin da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a shekarar 1930, kuma Malam Madori ta bunƙasa ne domin ita ce tashar da gyaɗar ƙasar Haɗeja take hawa jirgi. Saboda haka filin awo da tara buhuna shi ne zuciyar garin, kantunan 'yan kasuwa suna biye da shi, sannan gidajen ma'aikatan reluwe, sannan unguwannin jama'a. Idan ka jera su bisa wannan tsari, duk wanda ya duba zai gane inda jaki ya fito da inda ya nufa ba tare da ka yi masa bayani ba.

Kafin gini akwai maganar layin kansa. Ma'aunin da ka zaɓa, wanda ake kira HO, yana mayar da kowane abu kashi ɗaya cikin 87 na girmansa, kuma layinsa mai faɗin milimita 16.5 yana kwaikwayon babban layi ne mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu siriri ne, milimita 1,067, wanda idan ka raba shi da 87 zai ba ka milimita 12 da ɗan kaɗan. Ana sayar da layi mai milimita 12 a ƙasar da kake, domin masu kwaikwayon jiragen duwatsun Suwizalan da shi suke aiki. Na san canji zai ci maka kuɗi, amma gara ka yi shi yanzu da ba ka manne tsakuwa ba. Ka kuma yanka ɗan kwali mai tsawon santimita 2 ka ajiye a aljihu, domin tsayin mutum ke nan a wannan ma'auni, kuma kada ka kafa ƙofa ko katanga ko bishiya sai ka tsayar da shi kusa da ita ka gani.

Sai ka zaɓi shekara ɗaya da lokaci ɗaya, ka tsaya a kansu. Shawarata ita ce tsakiyar shekarun 1960, a watan Disamba, lokacin da cinikin gyaɗa ya kankama, tun kafin farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su karya wannan harka. Zaɓin Disamba zai yanke maka hukunci a kan kusan komai. Koren ciyawar da ka saya ba ta da wuri a nan, sai busasshiya mai launin tofa. Gonaki an riga an girbe su, sai kututturen kara da awaki suna kiwo a ciki. Kuka ta zubar da ganye, ta tsaya da rassa tsirara da 'ya'yanta suna reto, shi kuwa gawo, da yake al'adarsa saɓanin ta sauran itatuwa ce, a lokacin ne yake kore shar, shanu suna kwance a inuwarsa. Idan ka sa wa kuka ganye a gefen dalar gyaɗa, kowane manomi zai gane kuskuren a kallon farko.

Na ga ka shafe ƙasar da ja. Wannan launin wasu wurare ne, ƙasarmu kuwa rairayi ce fara-fara mai ɗan ɗorawa, kuma daga irinta jiharmu ta samo sunan Jigawa. Ka roƙe ni in aiko maka da ita a leda, amma dokar Tarayyar Turai ta hana shigar da ƙasa daga waje, don haka ka nemi yashi mai laushi a can. Ka tankaɗe shi da rariya, ka gasa shi har ya bushe sarai, sannan ka bi shi da maganaɗisu, domin ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin yashi yana maƙalewa a injin jirgi ya lalata shi. Gasawar kada ka raina ta. Na taɓa barin ɗalibaina su manna ɗanyen yashin kogi a kan aikin da za mu kai baje koli, bayan mako biyu da muka ɗaga ledar da muka rufa, sai muka tarar farin fumfuna ya lulluɓe titunan kamar auduga, katakon kuma ya kumbura ya ɗaga gidajen. A kwana huɗu muka sake aikin wata biyu. Wajen mannewa, ka sirka farin gam na kafinta da ruwa, ka ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya don ya ratsa yashin, ka bari ya kwana biyu ba ka taɓa ba. Tsakanin layukan inda kan jirgi yake tsayawa shan ruwa kuwa, ka baƙanta wurin da toka da garin gawayi, domin kwal ɗin Inugu da jiragen suke ci ba ya barin ƙasa da haske.

Kuka ita ce za ta fi ba ka wahala, kuma ita nake so ka fi ba lokaci. Masu wannan sana'a sukan ƙanƙanta bishiya don tsoron kada ta rufe gidaje. Kukar da ta kai mita 15 tana bukatar santimita 17 a kan teburinka, wato ta ninka katangar gida sau biyar, kuma haka take a zahiri. Ka murɗa siraran wayoyi masu yawa su zama gindi, ka raba su sama su zama rassa, ka lulluɓe gindin da filasta har ya yi kauri da ƙwarya-ƙwarya, ka shafa masa toka-toka mai ɗan ja. Guda ɗaya mai kyau a bakin kasuwa ta ishe ka.

A gidajen ƙasa kada ka yi aiki da rula. Bangon da aka gina da tubali ya fi kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, kusurwoyinsa kuma a dunƙule suke saboda hannun magini da ruwan damina. Ka sassaƙa su daga soso mai tauri, ka shafe da filastar da aka gauraya da yashi, ka bar sawun yatsa. Fentin feshi yana narkar da soso, sai ka yi amfani da mai ruwa. Zaure ya fuskanci hanya, zanko a kusurwoyin soro, indararo ya leƙo waje da ɗan zirin duhu a bangon da ke ƙarƙashinsa inda ruwa yake sauka. Bakin azara ya ɗan bayyana a saman ƙofa, kuma tsinken ashana ya isa wannan. Amma kada ka mai da kowane gida na attajiri, domin yawancin gidajen da na sani dangar kara ce ko zana, da ɗakunan ciyawa da rumbu a tsakar gida. Ofishin tasha da gidajen reluwe ne kaɗai za ka ja wa layi miƙaƙƙe, da rufin kwano da baranda, kuma wannan bambanci tsakanin ginin hukuma da na gari shi ne kamannin wurin.

Dalar gyaɗa ba sai ka ƙera dubban buhuna ba. Ka yi cikinta da soso, ka jera buhunan yumɓu masu tsawon santimita ɗaya a bayanta, ka rufe gefe ɗaya da tampol na takarda mai laushi. Ina so ka bar ta ba a gama ba, da matakala a gefe da lebura a tsakiyar hawa, buhu a ka. Haka nake tuna ta. Kakanka yana zaune a gindin sikeli a kan akwatin katako, fensir a bayan kunne, littafin awo a cinya, ya naɗe rawani har baki saboda ƙura, kuma duk buhun da aka ɗora sai ya taɓa ma'aunin da yatsa ɗaya ya jira ya daina rawa kafin ya rubuta. Manoma suna tsugune a gefe suna kallon hannunsa, jakunansu a ɗaure a jikin darbejiya. Mutanen roba da ake sayarwa sanye suke da kwat, amma da ɗan ƙyallen takarda da gam za ka yi musu riga da hula. Ka zaɓi waɗanda suke zaune ko tsaye, domin mutumin da ya daskare a cikin gudu yana gajiyar da ido.

Teburinka mai mita 2 da rabi bai fi mita 218 na ainihin ƙasa ba, don haka garin duka ba zai shiga ba, kuma kada ka matsa masa. Ka bar fili, domin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma sarari tsakanin tasha da gidaje yana cikin abin da ido yake tunawa. Kada hanyar gari ta bi bakin tebur, ka karkata ta ta ɓace a bayan wani zaure. Gidajen can baya ka yi su ƙanana da na gaba don su yi nisa, allon bango kuma ka shafe shi da fari mai ƙura irin na hazon hunturu, inda sama da ƙasa suke haɗewa ba a ganin iyaka.

Ka sa yaran su tankaɗe yashi, su murɗa waya, kana gaya musu sunan kowane abu da Hausa. Idan Allah ya kai mu bayan Sallah zan je Malam Madori da ƙaninka mu auno abin da ya rage na ginin tashar da tef, mu ɗauko maka hotonsa ta fuska huɗu, saboda haka ka dakata da ofishin har awon ya iso, ka fara da kukar. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan jikokinta. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.