Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban TETFund, Hukumar Asusun Tallafa Wa Manyan Makarantu: A Saya Mana Na'ura Kafin A Ƙara Gini

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata jami'a ta Arewa, kuma katifar da muke kwana a kanta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Soson katifa ana yin sa ne da aisosayanet, sinadarin da masana'antunmu ke shigowa da shi daga waje, wanda tun asali da fosjin ake haɗa shi, iskar gubar nan da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani ɗan gidan aisosayanet ɗin ne ya tsiyaye a Bhopal ta Indiya a Disambar 1984, a masana'antar maganin ƙwari na kabamet, dubban mutane suka kwanta ba su tashi ba.

Akwai wata hanyar. Ana iya haɗa wani nau'in sinadarin kabamet daga takin yuriya da sinadarin metanol, ko daga iskar kabon dayoksaid, sannan a gasa shi ya ba da aisosayanet ba tare da fosjin ya shigo zancen ba. Sai dai haɗin ba ya ƙulluwa sai da dillali, wato katalis, mai sulhunta ciniki ya fita da rigarsa lafiya. Gishirin zink ya iya wannan dillancin, amma da ya ɗan yi aiki sai ya rikiɗe ya sane. Shi ya sa masana suka koma ga wasu sinadarai da ake kira MOF: ƙwayoyin ƙarfe irin su zink da aka ɗaure da sandunan sinadari suka zama kamar saƙar zuma, ramuka birjik, har giram ɗaya kan ƙunshi fili mai faɗin dubban murabba'in mita. Masanin sinadarai Omar Yaghi ya fito da wani nau'insa mai suna MOF-5 a 1999, kuma a 2025 shi da takwarorinsa Susumu Kitagawa da Richard Robson suka karɓi kyautar Nobel a kan wannan fanni. Ba zan ɓoye maka ba, MOF-5 ba ya jure laima, damina ɗaya ta ishe shi. ZIF-8, wanda shi ma MOF ne na zink, ya fi shi ƙashi.

To, me muka rasa? Yuriya na fita daga masana'antun taki na Lekki da Eleme, zink na kwance a ƙasar Ebonyi da Wase. Ɗalibina ya dafa ZIF-8 a cikin kwalba, farin gari ya fito tas, amma tabbatar da cewa shi ne sai da na'urar haska tsarin ƙwayoyin garin da ta auna ramukansa. Tamu ta shekara biyu a mace saboda rashin kayan gyara, sai muka aika samfurin waje, muka yi wata huɗu muna jira.

Roƙona, ranka ya daɗe: a cikin kuɗin bincike na bana a ware kaso na waɗannan na'urori biyu, ko da cibiya ɗaya ce a kowace shiyya, da lantarkin sola da albashin injiniyan da zai riƙa duba su.

Naka mai biyayya,
Wani malamin kimiyyar sinadarai