A Bar Mana Barandar Kwari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan titunan kasuwancin Kano, domin ana ta rushe-rushe da gine-gine ba tare da an waiwayi abin da ya sa wuraren suka cika tun asali ba.

Da baƙi aka gina Kano. Tun kafin mulkin mallaka akwai Ayagi ta Yarbawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, duk suna cin kasuwar Kurmi ta lunguna matsattsu waɗanda bango ke yi wa inuwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, layi miƙaƙƙe na ratsa layi. Shi ya sa kwana ta yi yawa, kowace kwana kuwa sai ka tarar da shago. Mai bin France Road ba ya rasa abin tsayawa: mai kayan gyaran mota, mai magani, mai abinci.

Amma Kantin Kwari ya fi damuna. Labanawa da Siriyawan da suka zauna kusa da Fagge suna cinikin gyaɗa da yadi sun gina kantuna masu baranda a bakin titi. A wannan baranda tela ke ajiye kekensa, dillali ya jira mai saye, ɗan dako ya sauke kaya ya huta. Ko a tsakiyar bazara mutum na iya taya atamfa bai tsaya cikin rana ba. Yara da yawa a nan suka koyi ciniki har suka zama masu shaguna.

Yau an toshe barandu an mai da su shaguna, an yi gini a kan magudanan ruwa. Mun ga abin da ambaliyar damunar 2022 ta yi wa dukiyar mutane a Kwari. Mai tafiya a ƙasa kuwa an tura shi tsakiyar titi yana kokawa da adaidaita sahu, tsofaffi da mata masu goyo sun fi shan wahala.

Roƙona ga hukumar tsara birni da shugabannin kasuwa shi ne a ƙirga tsofaffin kantunan da suka rage a hana rushe su, kuma duk mai sabon gini a bakin titi a wajabta masa barin baranda da hanyar ruwa kafin a sa masa hannu.

Wassalam.
Mai karatunku daga Fagge, Kano