Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da dikoda kan alƙawarin wata goma sha biyu

Zuwa ga Manajan Darakta,

Yallaɓai, assalamu alaikum.

Ranar Talata 19 ga Nuwamba, 2024, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata ma'aikaciyarku ta sashen karɓar ƙorafi ta ce mini a waya: "Baba, in kuɗin ya fi ƙarfinka, ai kallon talabijin ba farilla ba ne." Ko numfashi ba ta ja ba, sai ta ɗora da tambayar ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi. Kafin in gama haɗiye maganar layi ya katse. Na sake kira, kiɗanku ya yi ta kaɗawa a kunnena har katina ya ƙare. Ku da kanku kuke sanar da mai kira cewa ana naɗar murya, don haka ku sa a nemo muku kiran wannan rana ku saurara. Ban ƙara mata ko gishiri ba.

Wannan magana ce ta sa na daina bin ku ta waya na kawo ƙorafina bainar jama'a. Ban kama sunanku ba, amma kun san kanku.

Ranar Asabar 6 ga Janairu, 2024, ana saura mako guda a fara gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa, yaranku suka kafa rumfa a bakin titin unguwarmu a nan Kano, da lasifika da tulin kwalaye, dukansu sanye da riguna masu tambarinku. Abin da lasifikar take faɗa da Hausa tsantsa shi ne garaɓasar sabuwar shekara: dikoda da faranti da kuɗin haɗawa naira 38,000, sannan kuɗin wata naira 8,500 maimakon 12,000, har tsawon wata goma sha biyu. Ni malamin makaranta ne, ba na sayen abu da ka. Na tsayar da yaron da ya tare ni na ce masa, a ƙasar da farashin komai yake tashi tsakanin safe da yamma, yaya za a yi wannan kuɗi ya zauna shekara guda wuri ɗaya? Ya ce: "Alhaji na, ko dala ta kai dubu biyar, kai 8,500 za ka biya. An kulle maka shi." Na ce ya rubuta. Ya juya bayan rasit, ya ɗora a kan kwalin dikoda, ya rubuta "8,500 x 12" da shuɗin biro, ya ja layi biyu a ƙasa, ya sa hannu. Rasit ɗin yana nan cikin ledar da nake ajiye takardun haihuwar yarana. Tambarinku yana gaba, rubutunsa yana baya.

Sharaɗi ɗaya ya gaya mini: kada in tsallake wata ko guda. Idan na tsallake, garaɓasar ta faɗi, kuma za a bi ni cikon kuɗin dikoda. Na ce na yarda. Kuma ban taɓa tsallakewa ba. Duk 6 ga wata, ko albashi ya shigo ko bai shigo ba, sai na biya, wani lokaci ma da bashi wurin mai POS na bakin masallaci.

Wata biyar aka yi lafiya. Muka kalli gasar, muka sha takaicin wasan ƙarshe na 11 ga Fabrairu da yara da maƙwabta cike da falo. Da azumi mahaifiyata ta samu tafsirin da take so, uwargida ta samu tashar fina-finanta ta Hausa. Har na riƙa yaba ku a ɗakin malamai, mutum biyu suka saya saboda maganata, abin da yanzu nake jin nauyinsu a kai.

Ranar 6 ga Yuni na tura 8,500 kamar kullum. Alat ya shigo, kuɗi sun fita, allo ya ƙi buɗewa. Sai wani rubutu da Turanci wai kuɗina bai cika ba, saura 2,500. Na ɗauka matsalar na'ura ce. Da na kira aka ce a'a, an yi ƙari, kuɗin tsarina ya tashi daga 12,000 zuwa 14,500, don haka nawa ya koma 11,000. Na ce ai nawa a kulle yake. Aka ce rangwamen naira 3,500 ne yake a kulle, ba abin da nake biya ba. Yallaɓai, ranar na fara jin wannan lissafi. Ba a lasifika aka faɗe shi ba, ba a takardar talla ba, ba a bakin yaronku ba. Na cika kuɗin saboda yara sun zuba mini ido, kuma saboda in na ƙi, ku ne za ku ce na tsallake wata.

A Satumba kuka sake. Tsarin ya koma 17,000, nawa ya koma 13,500. A wannan watan ne kuma tashar Hausar da uwargida take kallo ta ɓace, aka ce an mayar da ita tsarin da ke sama da nawa. Wato na biya ƙari, aka rage mini kaya. Daga 8,500 zuwa 13,500 ƙarin kusan kashi 60 cikin ɗari ke nan, a kan farashin da aka rantse mini ba zai motsa ba. Wata uku ina cika 2,500, wata uku ina cika 5,000. Jimilla naira 22,500 kuka karɓa a hannuna a kan abin da muka yi yarjejeniya.

Tsakanin nan na yi ta zarya ofishinku. Yau a ce manaja ya fita, gobe a ce na'ura ba ta aiki, jibi a ba ni wata lambar ƙorafi a ɗan guntun takarda a ce za a kira ni. Lambobin sun taru, kira bai zo ba. Na aika saƙon imel, aka maido mini da amsa iri ɗaya, kalma bisa kalma, wai kuna daraja hulɗa da ni. Amma akwai amsa ɗaya da na samu daga bakin wani jami'inku, wadda ta fi duk sauran ba ni haushi kafin ta ranar Talata. Na ajiye masa rasit a kan tebur, na juya bayan. Ya duba rubutun, ya yi murmushi, ya ce waɗannan yaran 'yan kwangila ne, ba ma'aikatan kamfani ba ne, abin da suka rubuta bai hau kan kamfani ba.

To, Yallaɓai, rigar wa suka saka? Kwalayen wa suke sayarwa? Asusun wa kuɗina ya shiga? Lokacin da yaron ya karɓi 38,000 ɗina ba ku ce ɗan kwangila ne ba, kun buɗe mini dikoda cikin awa guda. Sai da maganar cika alƙawari ta taso ya zama baƙo gare ku. A Dawanau in an tsayar da farashin buhu aka ce Allah ya sa albarka, ko da yaron shago aka yi cinikin, uban gida ba ya zuwa bayan an loda kaya ya ce bai san zancen ba. Wanda ya yi haka, kasuwa ce za ta yi maganinsa.

Jami'in ya kuma ce sharuɗɗan suna shafinku na intanet, kuma da na kunna dikoda na amince da su. Na sa ɗana ya nemo mini. Shafi ne mai tsawo da ƙananan haruffa, Turancin lauyoyi, can ƙasa aka ce kamfani yana da ikon sauya farashi da jerin tashoshi a kowane lokaci. Ni da nake koyarwa sai da na maimaita karatu kafin na gane inda aka dosa. Ina ga mai shayi, ina ga tsohuwar da jikanta ya kai ta rumfar? Kuna da kuɗin ɗaukar mai murya mai daɗi ya yi muku talla da Hausa a gidajen rediyo, har da kirari. Ranar da aka zo kan abin da zai ci aljihun mutum sai Hausar ta ƙare muku.

Na san abin da za ku ce: dala, man dizal, kuɗin haƙƙin nuna wasanni. Ba a wata ƙasa nake zaune ba. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira a watan Yunin wannan shekarar. Duk wannan ya faru wata shida da ɗoriya kafin ku kafa rumfarku. Kuna da akantoci, kuna da masu hasashe, kun fi ni sanin inda naira ta dosa, kuma da saninku kuka tura yara suna cewa an kulle farashi. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage, a Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Ban ga saƙo daga gare ku ba a Afrilu cewa an sassauta wa kowa. Ku dala hawa kawai take yi. Ni kuwa da na yi muku alƙawarin biya duk wata, ban taɓa zuwa na ce buhun shinkafa ya tashi, wannan watan 6,000 zan bayar ba.

Sai kuma maganar Oktoba. Duk wanda yake Arewa ya san abin da ya faru a ƙarshen watan: aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin da ya rage shi ma ya faɗi, jihohinmu suka kwana cikin duhu sama da mako guda. Litar fetur ta haura naira 1,000, wa zai tayar da janareta don kallo alhali ruwan sha ma neman sa ake? Na caja waya a shago da kuɗina na kira ku, na roƙi a dakatar da lissafin kwanakina har wuta ta dawo. Aka ce masu garaɓasa ba su da wannan dama. Kwanakin suka ƙone, dikoda a kashe, 13,500 ɗina a aljihunku. Shekara da shekaru 'yan majalisa suna kiran a koma tsarin da mutum zai biya iya abin da ya kalla, irinku kuna cewa ba zai yiwu ba. A Oktoba na gane dalilin da ya sa ba kwa son ya yiwu.

Duk wannan ne na jero wa yarinyar ranar Talata, cikin ladabi, har da "don Allah". Ta ce rangwamena yana nan ba a taɓa shi ba. Na ce amma abin da nake biya ya ƙaru. Ta ce ƙarin na kowa da kowa ne. Na ce ni ba kowa da kowa ba ne, ina da takarda. Ta ce takardar ba ta cikin na'urarsu. Na ce to a haɗa ni da na sama da ita. Ta ce suna taro. Na ce in na fasa fa? Ta ce za a bi ni cikon kuɗin dikoda. Na ce wato ba ni da damar tsayawa a kan farashina, ba ni da damar fita. Sai ta ba ni waccan amsa. Na haife ta, wataƙila ma na koyar da sa'anninta. Amma ba na son a kore ta ko a taɓa albashinta, domin abin da ta ji ana faɗa a ofishinku game da mu shi ta maimaita.

Ga abin da nake nema. Ku maido mini da naira 22,500 a asusun bankina, kuɗi tsaba, ba ƙarin kwanakin kallo ba, ba wata sabuwar garaɓasa ba. Ku karɓi 8,500 a watan Disamba, wanda shi ne wata na goma sha biyu. Ku dawo da tashar da kuka cire, ku biya ni kwanakin duhun Oktoba. Ku rubuto mini ban haƙuri da sa hannun mutum mai suna da muƙami, ba saƙon na'ura ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne a gaban rumfar nan. Layi na tarar, layi na bari. Abokan aikina biyu labarinsu ɗaya da nawa, sai dai su ba su sa an rubuta musu ba. Kuna da sunan duk wanda ya shiga wannan garaɓasa da lambar dikodarsa, don haka ku lissafa abin da kuka karɓa a hannun kowa ku mayar masa, ba sai ya yi zarya ba. Ni ban yarda kuskuren yaro ɗaya ba ne. Ana biyan su la'ada kan kowace dikoda da suka sayar, an sa musu kalmomin da za su faɗa, an tanadi sharaɗin da zai hana mutum fita, an kuma tanadi amsar "ɗan kwangila ne" tun kafin ƙorafi ya zo. Abin da aka tsara haka daga farko har ƙarshe, a wurinmu sunansa ha'inci.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa, ta kuma ba shi haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Na shirya kwafin wannan wasiƙa da hoton rasit gaba da baya da duk alat ɗin banki daga Janairu zuwa Nuwamba, zan miƙa wa hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta NBC.

Ranar 6 ga Disamba, in Allah ya kai mu, zan zo ofishinku da naira 8,500 a hannu da rasit ɗina. Idan za a ƙi karɓa, ina so wanda ya ƙi ya rubuta mini dalili, ya sa hannu, ya buga hatimin kamfani, kuma don Allah wannan karon ku tabbatar ma'aikacinku ne.

Wassalam.

Naku,
Wani mai biyan kuɗin wata, daga Kano