Ina ɗan takarar da zai yi mana maganar beli?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili.

Watan jiya an yi ƙwacen waya a bakin titin unguwarmu, da daddare motar 'yan sanda ta zo ta kwashe duk yaron da ta tarar, har da ɗan yayata da aka aika siyo maganin sauro. Kwanansa huɗu a sel, ni nake kai masa abinci, ga takarda nan manne a bangon caji ofis ɗin wai beli kyauta ne amma wallahi a ƙarƙashinta na tsaya ana ciniki da ni kamar a kasuwar raguna, alhali tsarin mulki ya ce cikin awa 24 ko 48 a kai mutum kotu. Wanda ba shi da mai tsaya masa fa? Ai shi ya sa mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, zaɓen 2027 yana ƙaratowa an fara liƙa fasta, ban ji ɗan takara ko ɗaya ya taɓa wannan magana ba. Na san dalili. Mu Kanawa 'yan daba sun ishe mu, duk wanda ya ce a gyara aikin ɗan sanda sai a ce yana goyon bayan ɓarayi, ɗan siyasa kuwa ƙuri'arsa yake ji. Haka aka yi a 2020, aka rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi da makami, ranar 11 ga Oktoba, gwamnoninmu na Arewa suka ce su dai suna so, magana ta koma ta Kudu da Arewa. Ko a Amurka, garin Miniyafolis da ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata, George Floyd, da aka kai batun sauya rundunar 'yan sandansu akwatin zaɓe a 2021 faɗuwa ya yi.

Ni ban ce a sassauta wa mai wuƙa ba, an soki maƙwabcina a kan waya. Amma kamen kan mai uwa da wabi bai hana ƙwace ba, kuma yaran nan wa yake ɗaukar su ranar kamfen?

Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi. Don Allah duk ɗan takarar da ya zo hira wajenku ku tsare shi, ya faɗi wa zai sa musu ido, kuma wurin wa talaka zai kai kuka idan an karɓi kuɗin beli.

Naka mai karatu kullum,
daga Ɗorayi, Kano